Zanen Inna da Turaren Anti Falmata

A littattafan da na taso ina ɓoyewa cikin littafin kimiyya ina karantawa, duk yarinyar da ta sauka a filin jirgin ƙasar waje akwai mai jiranta. Ko wani dogo mai ƙamshi ya ɗauki jakarta bisa kuskure, ko su yi karo a bakin ƙofa takardunta su watse ya durƙusa yana tsince mata. Ni da na sauka Kuala Lumpur, 'yan watanni kafin annobar korona, wanda ya tare ni dillalin ɗakuna ne ɗan ƙasarmu, gajere mai tumbi, yana share gumi da hularsa.

Tun ina gida ya turo mini hoton ɗaki a Sentul, ya ce daga tagarsa ana hango tagwayen benayen nan da ake sawa a kalanda. Da muka isa sai na tarar baranda ce aka kewaye da katako aka cusa katifa. Tagar kuwa injin sanyaya ɗakin maƙwabta take kallo, yana huro mini zafinsa dare da rana. Na yi masa ƙorafi, ya ce in leƙa ta gefe in miƙa wuya. Na leƙa, kuma gaskiyarsa ce, ana ganin tsinin guda ɗaya. Daga ranar bai ƙara ɗaga wayata ba.

Abin da ya kai ni ƙasar karatun digiri na biyu ne, a kan wani ƙyalle da bai wuce tafin hannu biyu ba. Mu mutanen Kura ne, kakana marini ne, a karofi, wurin ramukan rini, ya tsufa. Matarsa, Inna Yalwa, tana da wani zane baƙi wuluk da ya rina mata tun suna amarci, an wanke shi sau ba adadi amma bai koɗe ba, alhali shuɗin da ake sayarwa yanzu wanki uku ya ishe shi ya yi fari. Tambayata ke nan: me ganyen baba da toka da katsi, wato ƙonannen gyauron rini, suke yi wa zare a ramin marina wanda rinin zamani ba ya yi? Inna ta yanko mini gefen zanen da almakashinta, na haɗa da ƙyallaye sababbi na kasuwa. Malamata a jami'a, Farfesa Noraini, 'yar Malay ce siririya marar yawan dariya, ta juya ƙyallen Inna a ƙarƙashin fitila ta ce wannan tambaya ce mai kyau, amma na'urorinmu na nan ba za su iya amsa ta ba.

Wata uku na yi a barandar Sentul. A nan na koyi cewa a garin nan ruwan sama ba ya sallama, na koyi cewa tapau na nufin a ƙunsa mini in tafi da shi, na kuma koyi yin kuka a hankali don katakon ba ya riƙe sauti. Sai wata rana a jirgin ƙasa na cikin gari, ina tsaye a cunkoso, wani ƙamshi ya doki hancina, irin wanda ban taɓa ji ba sai a gidan biki. Na bi shi da hanci har na tsaya a kan wata mata mai lafaya ruwan goro. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar ina ce kike shinshina ta kamar mage?"

Da Hausa ta faɗa, Hausar mutanen Maiduguri mai nauyin harshe. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Sunanta Falmata, mijinta malamin jami'a ne da ya zo digiri na uku, a lokacin ya koma gida tattaro bayanan bincikensa. Kafin mu kai tashar Wangsa Maju ta gama jin tarihina, ta zagi dillalin da kakanninsa, ta kuma yanke hukunci cewa ɗakin baƙinsu nawa ne har maigidan ya dawo. Ban yi musu ba. Washegari na kwaso akwatina.

Ba mu yi sati uku tare ba aka rufe ƙasar. Aka hana fita sai sayen abinci, 'yan sanda suka kafa shinge a tituna, mijin Anti Falmata ya maƙale a Najeriya. Ranar ƙarshe kafin a kulle jami'a, Farfesa ta ce kowa ya tafi da abin da ba zai so ya ɓata ba, don ba a san ranar buɗewa ba. Na zuba ƙyallayena a ambulan na takarda, na kawo gida, na ajiye a kantar sama ta cikin durowar kayana.

In faɗi gaskiya, kullen nan bai yi mini ɗaci kamar yadda ya yi wa wasu ba. Muna hawa na goma sha huɗu. Da hantsi ina zama a baranda ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa fayau babu kowa, ina ƙirƙiro labarin mutum ɗaya tilo da nake hangowa a ciki. Anti tana tuƙa mana biski da miyar kuka har kukar ta ƙare, muka koma kuɓewar kanti. Da azumi ya zo, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da muke kira Makcik takan rataya mana leda a hannun ƙofa kafin magariba, ta ƙwanƙwasa ta gudu, mu ma mu rataya mata ƙosai. Shekara guda muna maƙwabtaka ban ga rabin fuskarta na ƙasa ba, kullum tana sanye da takunkumi.

Ranar Juma'a kuwa ranar turare ce. Anti ba ta yarda da turaren kwalba ba, nata take haɗawa da hannunta, ta kawo shi daga gida cikin manyan kwalabe. Takan hura gawayi a kasko, ta kifa kabbasa, wato kwandon nan da ake lulluɓa wa tufafi su sha hayaƙi, mu turara zannuwan gado da mayafai. In an gama, sauran garwashin sai ta ba ni in sa a cikin durowata in rufe, saboda damshin garin yana sa kaya funfuna. Haka nake yi kowace Juma'a, da bismillah. Ambulan ɗin yana sama, hayaƙi yana hawa. Ni mai karatun sinadarai, ko sau ɗaya ban haɗa abu biyun nan a raina ba. A wurina turare tsabta ce, ba abin da ake tsare kaya daga gare shi ba.

A cikin watannin nan Inna Yalwa ta rasu. Ta waya na yi zaman makoki. Da na tambayi ragowar zanen, aka ce an yi sadaka da kayanta, ba a san wanda ya ɗauka ba.

Da aka fara sassautawa, Farfesa ta kira ni ta bidiyo ta ce mun samu gurbi a sinkirotiron. Malesiya ba ta da irin wannan na'ura, sai maƙwabciyarta Tailan. Yadda na fahimce ta, wani ƙaton zobe ne na bututun ƙarfe da ya cika gini guda, ana kora ƙwayoyin lantarki a cikinsa da gudun da ya kusa na haske. Maganaɗisu ne ke tanƙwara su, kuma duk inda suka sha kwana sai haske ya fallatso, kamar yadda tayar keke ke watsa ruwa in ta bi ta kwata. Ana tare hasken a bututai dabam-dabam, kowanne da ɗakinsa, shi ake kira layin haske. Mu layi biyu aka ba mu. Na eksire, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, zai nuna ƙarafan da suka shiga zaren daga toka da katsi. Na infared kuma zai nuna inda shunin kansa ya zauna, don kowane sinadari yana da irin hasken da yake sha, sai ya bar zane mai tudu da kwari wanda babu mai irinsa, kamar zanen yatsa. Hasken siriri ne ƙwarai, yana iya bin zare ɗaya daga fatarsa har zuciyarsa.

A da, da kaina zan je. Na riga na gama tsara tafiyar a raina har da kalar mayafin da zan yafa. Amma iyaka a rufe take, don haka samfuri za a aika, mu kuma mu zauna a gaban kwamfuta muna kallo. Kwana biyu kacal aka ba mu, daga nan za a kashe na'urar don gyara na watanni. Hukumar da ta ɗauki nauyin karatuna ta riga ta ƙara mini wa'adi sau ɗaya, ta kuma rubuto cewa babu na biyu. In kwana biyun nan suka tafi a banza, gida zan koma da akwati ba takarda.

Mai yanka samfurin wani dattijo ne Batamile, ma'aikacin ɗakin gwajinmu, muna kiransa Ankal Selvam. Da takardar izinin wucewa shinge muke zuwa, mu biyu a ɗaki mai cin mutum ashirin. Ya zare zare daga kowane ƙyalle, ya daskarar da shi, ya yanka shi a kwance sirara-sirara har sai ka riƙe numfashi kada ka hure su. Bai daɗe da tashi daga cutar korona ba, ta tafi da jin ƙamshinsa gaba ɗaya, har yana cewa yanzu girkin matarsa da takarda duk ɗaya ne, amma kada in gaya mata. Ni kuwa hancina ya saba da turaren har ba na jin sa. Haka muka rufe kwali muka aika.

Wanda zai karɓa a can yana sa hannu a wasiƙunsa da Dakta Nok. Wasiƙu gajeru masu ladabi, kullum da fatan ina cikin ƙoshin lafiya. Ba sai na ɓoye ba, na gina masa fuska: dogo, mai farin gilashi, marar magana, wanda wata ta taɓa yaudara. Anti ta ce in dai miji ta imel nake nema, ta ga ranar aurena a lahira. Ranar farko da aka kunna bidiyo sai ga wata gajeriyar mata mai furfura, da takunkumi mai hoton kyanwa, tana ɗaga mini hannu biyu. Sai da na kashe makirfon na yi dariyar kaina.

Ranar eksire ta tafi lafiya lau. Muna ɗakin gwaji ni da Ankal, Farfesa tana gidanta, Dakta Nok tana can, kowa a ɗan akwatinsa a fuskar kwamfuta. Taswirar zaren Inna ta fito ɗigo bayan ɗigo, ƙarafan toka sun yi mata ado kamar taurari. Na koma gida ina jin kaina kamar amarya.

Rana ta biyu aka koma infared, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Zanen farko ya fito, Dakta Nok ta ce bai yi daidai ba. Ta gwada samfuri na biyu, na uku, har da farin zaren da ba a taɓa rinawa ba. Dukkansu da wasu manyan tuddai iri ɗaya, sun taso sun danne wurin da shuni ya kamata ya bayyana. Ta ce wannan alamar mai ce ko ƙaro, wani abu ya hau samfuran, kuma ba daga wurinta ba ne.

Farfesa ta cire gilashinta. Ta tambayi Ankal da me ya goge wuƙar yankan, ko ya taɓa da hannu, ko ya manta ya sa safar hannu. Ba ta ɗaga murya ba, amma ta tuna masa cewa kwantiraginsa na shekara-shekara ne, kuma ba yau ne aka fara yi mata maganar shekarunsa ba. Dattijon ya ce ya bi ƙa'ida, daga nan ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa. Ranar Juma'a ce. Na ja mayafina in rufe fuska don tausayinsa, sai ƙamshin da Anti ta turara mini da safe ya cika mini hanci ta cikin takunkumi. Nan take na tuna da ambulan ɗin da ya yi watanni a durowata yana shan hayaƙi.

Na daɗe a rayuwata ina karanta inda ake cewa zuciya ta rabu biyu, sai ranar na san ba ƙarya ba ne. In na yi shiru, laifi ya zauna a kan Ankal, wataƙila ma hukumarmu ta tausaya mini tunda ba ni na ɓata ba. In na yi magana, na zama ɗalibar da ta yi wata da watanni tana banka wa samfurinta hayaƙi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na buɗe makirfon, na faɗa musu komai: kasko, durowa, Juma'a, funfuna. Turancina ya watse, na rasa sunan kabbasa, na dinga kwatantawa da hannu.

Farfesa ta dube ni. "Zulaihat, kowane mako?"

"Kowane mako, Farfesa."

Ta rufe ido. Dakta Nok ce ta sa baki, ta ce tambaya ɗaya gare ta, kuma in yi tunani kafin in amsa: hayaƙin ya taɓa zaren kafin a yanka, ko bayan an yanka? Na ce kafin. Bayan yanka ko kwana ɗaya bai yi a gidanmu ba. Ta tafa hannu sau ɗaya. Ta ce to hayaƙi daga waje ya zo, a fata zai tsaya, mu kuma duk safiyar nan a gefen zaren muke auna don a nan aka saba samun shuni. Za ta matse hasken iya matsewa ta bi zaren taki-taki zuwa tsakiya. Sai dai dole ta san zanen turaren shi kaɗai, don ta bambance tudunsa da na shuni, kuma lokacinmu zai ƙare ƙarfe biyar na yamma. A lokacin sha ɗaya ta wuce.

Na kira Anti ina haki. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ita dai ta san turarenta bai taɓa ɓata abu ba sai dai ya gyara, amma tunda Turawan Tailan suna son gani, za ta aiko. Ta ba mai babur ɗin kai saƙo kwalba guda da kasko da gawayi uku, ta ja masa kunne da Malayancinta na kasuwa kada ya karkata kwalbar.

A cikin gini ba dama a kunna wuta, ƙararrawa za ta tashi. Ni da Ankal muka sauka filin ajiye motoci, babu mota ko ɗaya, rana tana dukan kwalta. Ya durƙusa da farar rigarsa yana hura gawayi da bakinsa, ni ina ba shi haƙuri ina ƙarawa. Ya ce in bar shi haka, a gidansu ma duk Juma'a matarsa tana turara ɗaki, da a hannunsa aka bar ƙyallen wataƙila abin da zai faru ke nan. Na barbaɗa turaren, ya riƙe ɗan farantin ƙarfe mai sheƙi a saman hayaƙin har ya yi dusu-dusu. Ya kai hancinsa kusa, ya ja, ya girgiza kai yana dariya, ya ce har yanzu takarda. Muka hau da gudu, ya auna farantin a ƙaramar na'urar infared ɗinmu, muka tura zanen. Tuddan suka hau kan na samfuran daidai wa daida.

Daga ƙarfe biyu Dakta Nok ta fara bi. Ta sa wa turare launin rawaya, shuni kuma shuɗi. Aka fara da zaren kasuwa. Rawaya ta zagaye shi kamar zobe, shuɗi ya kwanta a ƙarƙashinta siriri, su biyun sun cakuɗe, tsakiya kuwa fari fat. Ba abin da za a iya cewa a kansa da tabbaci. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Aka sa zaren Inna saura minti arba'in. Layin farko rawaya. Na biyu rawaya da shuɗi. A na huɗu rawaya ta ɓace, shuɗi bai ɓace ba. Ya ci gaba, ɗigo bayan ɗigo, tsabtatacce babu gauraye, har cikin zuciyar zaren, ya fita ta ɗaya gefen. Tsomawa da shanyawa da sake tsomawa da kakana ya yi ta yi a karofi, ga su nan a fuskar kwamfuta.

Farfesa ta mayar da gilashinta, ta matso har goshinta ya cika akwatinta. Ta ce boleh, wato zai yiwu. Ta ce zoben rawayan ma ya yi mana aiki, don ya nuna iyakar inda abin da ya zo daga waje yake tsayawa, shunin tsohon zane kuma ya wuce nan nesa. Sannan, a gabanmu duka, ta kira sunan Ankal ta nemi gafararsa. Ni kuma ta ce in rubuta abin da na aikata a babi na uku, dalla-dalla, ba tare da kwalliya ba, da cikakken jerin abin da ke cikin turaren.

A nan aka samu cikas. Na zauna da biro a gaban Anti, ta lissafo mini itacen sandal, hawi, farce, sukari, miski da man da take jiƙawa. Na nuna mata zanen, na ce ga wani ɗan tudu nan da duk cikinsu babu mai irinsa, saura abu ɗaya. Ta leƙa, ta taɓe baki, ta ce lallai na'urar nan ba ta da kunya. Na roƙe ta, na ce Farfesa ce ta ce, na ce digirina ne. Ta ce digirina ya riga ya tsira, wannan kuwa daga kakarta ya zo wurin uwarta, kuma ba a ba budurwa.

Haka na miƙa kundin, an rubuta sinadari na bakwai ba a tantance ba. Masu jarrabawa sun fi daɗewa a kan wannan layi fiye da duk sauran babin, suka ba ni takardata. Ranar da na zo da ita gida Anti ta juya ta gaba da baya, ta shinshina, ta ce ba laifi.

"Na bakwai ɗin fa, Anti?"

"Kawo mijin tukuna. Na gaske, ba na imel ba."